KOYON MAKAMAR AIKI DA GARANTIN KWAMFUTA: JAWABI GA IYAYEN ƊALIBAN ƘASAR KAZAURE

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Dambatta ta nufi Daura, ya san ba ya wuce Kazaure da hantsi bai ga samari da 'yan mata suna tafe da jakunkuna a baya ba. Waɗansunsu 'yan gari ne, waɗansu kuwa daga Roni su ke, ko Gwiwa, ko Babura, ko Achilafiya ta ƙasar 'Yankwashi. In ka buɗe jakar, sau da yawa abin da za ka tarar a ciki shi ne 'yar kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya, wadda a ke kira laftof. Ba da kuɗin banza aka saye ta ba. Wani ubansa ne ya kai buhunan gero da na riɗi kasuwa, wata uwarta ce ta sayar da tunkiyar da ta daɗe tana kiwo, wani kuwa uban akawu ne ko malamin makaranta, ya kwashi adashi ya haɗa da abin da ya rage na albashi, sa'an nan kuɗin ya cika.

To, abu biyu ne su ke yawan tsinka wa waɗannan yara hanzari a tsakiyar karatu. Na farko, in lokacin fita koyon makamar aiki ya zo, sai yaro ya rasa ma'aikatar da za ta karɓe shi. Na biyu, in ya samu wurin, ana cikin aiki sai kwamfutar ta mutu, a koma wurin wanda ya sayar da ita ya ce bai san zancen ba. Tun da ya ke masu karanta wannan jarida yawancinsu akawuna ne da malaman makaranta, watau su ne iyayen yaran, su ne kuma a ke kai wa takardar neman gurbi a ofisoshi, mun ga ya kyautu mu yi bayanin abubuwan nan biyu dalla-dalla.

MAKARANTUN DA KE KUSA DA MU

Da ma can ɗan ƙasar Kazaure in yana son ilmin sana'a mai zurfi, sai ya tafi Kano ko Kaduna ko Zariya. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, cikin wannan shekara aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, aka sa cibiyarta a Kazaure. Ita ce aka sa wa sunan marigayi Sarkin Kazaure Alhaji Hussaini Adamu, kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya riƙe jihar daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe wata makaranta ta kwamfuta zalla a Kazaure, tare da haɗin gwiwar wani kamfanin koyarwa na ƙasar Singafo, shi ya sa har yanzu mutane da yawa su ke kiranta Infomatiks. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura.

Wannan arziki ne babba. Amma fa yana tafe da nauyinsa, domin ko wace shekara makarantun nan suna fitar da ɗalibai masu neman wurin gwada abin da suka koya, alhali kuwa manyan kamfanoni da masana'antu ba su yawaita a wannan yanki ba. Masu nema sun fi guraben yawa, saboda haka wanda ya yi sakaci shi a ke bari a baya.

ASALIN WANNAN TSARI

Koyon aiki a hannun gwani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri ba ya ba yaro guduma ranar farko. Zuga-zugi zai fara ja, ya yi ta kallo, har ranar da za a yarda ya taɓa ƙarfe. Haka majemi, haka baduku, haka masaƙi. Zamanin En'e ma, a yadin ayyuka ne kafintoci da magina da makanikai da yawa suka koyi sana'arsu, suna bin manya suna riƙe musu kayan aiki.

Da makarantun zamani suka yawaita, sai masu masana'antu suka fara kuka, suna cewa yara suna fitowa da takardar shaida, amma ba su taɓa riƙe na'urar da aka ce sun karanta ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wanda a ke kira ITF, a 1971, cibiyarsa tana Jos. A 1973 wannan hukuma ta tsara shirin tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki da hannunsu tun suna makaranta, shi ne wanda ɗalibai su ke kira SIWES. A 1979 aka miƙa riƙon shirin ga hukumar jami'o'i, NUC, da hukumar ilmin fasaha, NBTE, mai cibiya a Kaduna, sa'an nan a 1984 aka mayar da shi hannun ITF.

Ga yadda abin ya ke. Ɗalibin kwalejin fasaha mai neman ƙaramar difloma ya kan fita na wata huɗu bayan ya gama shekararsa ta farko. Ɗalibin jami'a mai karatun injiniya ko kimiyyar kwamfuta ya kan yi wata shida. In kuma yaro ya gama ƙaramar difloma yana son ya koma ya yi babba, ƙa'ida ita ce ya yi shekara guda yana aiki a wata ma'aikata tukuna. Makaranta ta kan ba shi wasiƙar gabatarwa, da littafin da zai riƙa rubuta aikin ko wace rana, shugabansa na wurin aiki yana sa hannu ko wane mako, malaminsa kuma ya kawo ziyara ya duba. In ya dawo ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi, a ba shi maki kamar sauran darussa. Wanda bai yi ba, ba ya samun takardar gamawa. Akwai ɗan alawus da gwamnati ta ke biya ta hannun ITF, amma kaɗan ne, kuma ya kan makara, saboda haka kada uba ya dogara da shi wajen lissafin abinci da kuɗin mota.

INA ZA A NEMA?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jinkiri. Yaro sai an gama jarrabawa, an ba shi wasiƙa a hannu, sa'an nan ya fara tunanin inda zai kai ta. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata tun da sauran wata uku a fara tambaya. Wurin da za a fara shi ne ofishin da ke kula da wannan shiri a makarantar kanta, domin suna da sunayen ma'aikatun da suka taɓa karɓar ɗalibansu. Bayan haka a tambayi waɗanda suka riga suka yi bara, su ne za su faɗa maka gaskiya, inda a ke koyarwa da inda a ke zaman banza.

Kuskure na biyu shi ne kowa ya sa ido a kan manyan wurare, kamfanonin waya da bankuna da hukumomin Abuja. Lalle wanda ya samu irin wannan ya dace, amma masu nema dubbai ne. Ga shi kuwa aikin kwamfuta ya shiga ko ina. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu a kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ko wace cibiyar jarrabawa tana da injuna masu yawa waɗanda a ke haɗawa da waya, a gyara, a kula da wutarsu. Ɗalibin da ya yi wata huɗu a irin wannan wuri zai fito ya iya jan waya, da haɗa injuna su yi magana da juna, da gano inda cuta ta ke in ɗaya ta ƙi tashi. Akwai sashen ajiye bayanan marasa lafiya a manyan asibitoci, da ofisoshin albashi da na haraji a Dutse, da wuraren rajistar katin ɗan ƙasa, da gidajen rediyo, da masu sa wutar hasken rana, da maɗaba'u. A Kano akwai masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da shagunan gyaran waya da kwamfuta na Farm Centre da titin Beirut. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta Kazaure da Daura aka tsara ta bi, kuma jirgin ƙasa na zamani ba ya tafiya sai da masu kula da sigina da na'urorin sadarwa. Yaran da ke aji yanzu ya kamata su sa wannan a ransu.

Wanda ya je neman gurbi kada ya tafi da wasiƙar makaranta kaɗai. Kowa yana da irinta. Ya tafi da abin da ya yi da hannunsa, ko da ƙarami ne: ɗan shafin intanet da ya gina wa shagon kawunsa, ko tsarin lissafin makin ɗalibai da ya shirya wa makarantar firamaren garinsu, ko tsohuwar kwamfutar da ya tayar bayan an fid da rai da ita. Gani ya kori ji. Shugaban ma'aikata in ya ga yaro ya buɗe injinsa ya nuna aiki, ya san hannu ya samu mai rage masa nauyi. Ya kuma rubuta takarda guda, shafi ɗaya tak, mai ɗauke da sunansa, da abin da ya ke karantawa, da abin da ya iya, da ranar da zai fara da ranar da zai gama. Ya kai da kansa, cikin tufafi masu tsabta, ya koma bayan mako guda ya ji amsa.

Har wa yau akwai horon da a ke samu ta intanet. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, wadda aka kafa a 2001, tana shirya horo iri iri, kuma a 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin da a ke kira 3MTT, da nufin koya wa mutum miliyan uku sana'o'in kwamfuta. Irin waɗannan suna ƙara wa yaro ƙwarewa, suna kuma haɗa shi da mutane. Sai dai kafin ya ɗauki wani aiki na intanet a matsayin koyon makamar aikinsa, lalle ya tambayi makarantarsa ko za ta yarda da shi, domin malami ba ya iya kai ziyara inda babu ƙofa. A kuma yi hattara da masu cewa a turo kuɗi tukuna su ba da gurbi. Ma'aikatar kirki ba ta sayar da wurin koyon aiki.

Game da 'ya'ya mata, damuwar iyaye ita ce masauki, kuma damuwa ce mai hujja. Maganinta shi ne a fara neman wuri tun da wuri a Kazaure ko wani gari na kusa inda yarinya za ta iya zuwa ta dawo, ko inda a ke da dangi. Abin da bai kamata ba shi ne a ce ta zauna gida a samo mata hatimi.

HATIMIN ƘARYA

Wannan magana ta hatimi ita ce ta fi shafar masu karatunmu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa waɗansu ɗalibai ba sa zuwa ko ina. Su kan zauna gida wata huɗu, in lokaci ya ƙure su kwafi littafin wani, su kawo wa akawun da suka sani ya buga hatimin ofis ya sa hannu. Mai bugawa yana ganin taimako ya yi wa ɗan maƙwabcinsa. To, a duba abin da taimakon ya haifar. Yaron zai sami maki, zai sami takarda. Ranar da aka kira shi gwajin ɗaukar aiki aka ajiye masa inji aka ce ya haɗa, sai ya tsaya yana zufa. Kuɗin geron da aka sayar ya tafi, shekarun sun tafi, sunan makarantar kuma ya ɓaci a wurin wannan ma'aikata, har na bayansa su sha wahalar shiga. Wanda aka kawo wa irin wannan littafi, alherin da zai yi shi ne ya ce wa yaron ya zo ran Litinin da safe, a ba shi kujera da aiki na gaske.

Wanda kuma ya karɓi ɗalibi a ofishinsa ya ɗauki amana. Ba a kawo shi don sayen ƙosai da share tebur ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wanda ya sa hannu ya ce ya karɓa, ya wajaba ya koyar. A ba shi aiki ƙarami tukuna, a duba, a gyara masa, a ƙara. A karanta abin da ya rubuta kafin a sa hannu. Sau da yawa ma ofishin ne ya ke cin riba, domin yaron ya kan iya shirya rajistar da aka shekara ana rubutawa da biro ta koma cikin inji.

MENE NE GARANTI?

Yanzu sai mu juya ga kwamfutar kanta. Lokacin koyon aiki ne ta fi shan wahala. Kullum tana cikin jaka a bayan babur ko a motar haya, ana sa ta a wutar wurare dabam dabam, rahoton yaro duka kuma yana cikinta. In za ta mutu, galibi a wannan lokaci ta ke mutuwa.

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera inji ya ɗauka, cewa in wani abu ya lalace cikin wani ƙayyadadden lokaci saboda kuskuren ƙira, zai gyara ko ya sauya ba da kuɗin mai saye ba. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo galibi shekara guda su ke bayarwa a kan sabuwar laftof. A lura da kalmar nan, kuskuren ƙira. In allon ya mutu haka kawai, ko madannai suka daina aiki, ko injin ya ƙi tashi ba tare da an yi masa kome ba, wannan yana ciki. In kuwa ta faɗi daga kan babur, ko shayi ya zube a kanta, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, garanti na yau da kullum ba ya ɗaukar wannan. Raguwar ƙarfin batir saboda tsufa ma ba a lissafa ta cikin lalacewa. Haka kuma in an kai ta wurin wani ya buɗe ya yi ƙone-ƙone a ciki, kamfani yana iya cewa ya fita daga alkawari.

Ko wace laftof tana da lamba tata ta kanta, wadda a ke bugawa a ƙarƙashinta da jikin kwalinta. Da wannan lamba kamfani ya ke gane injin. Waɗannan kamfanoni suna da shafi a intanet inda mutum zai rubuta lambar ya ga ko garantin yana nan da ranar da zai ƙare. Minti biyar ya isa a yi wannan da wayar hannu, a cikin shagon, kafin a ƙirga kuɗi. In mai shago ya ce sabuwa ce fil, shafin kuma ya nuna garantinta ya ƙare shekara biyu da suka wuce, to magana ta ƙare. A kuma tambaya ko garantin yana aiki a Nijeriya, domin injin da aka yi don kasuwar wata ƙasa, wani lokaci sai a can kaɗai a ke karɓarsa gyara.

Amma gaskiyar magana ita ce yawancin ɗalibanmu ba sabuwa su ke saye ba. Ta hannu ce, wadda aka yi amfani da ita a Ingila ko Amurka, aka shigo da ita ta Ikko, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ta iso Kano. Ba laifi ba ne sayen irin wannan, har ma waɗansu tsofaffin injunan ofis sun fi sababbi masu araha ƙarko. Sai dai garantin kamfani galibi ya riga ya ƙare, abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago, na mako guda ko biyu ko wata guda. Alkawarin baki kuwa iska ce. Sai a sa shi ya rubuta a rasit: sunan injin, da lambarta, da girman ma'ajiyarta, da kwanan wata, da yawan kwanakin da ya yarda a dawo da ita, da sunan shago da hatiminsa. Akawu ya fi kowa sanin darajar takarda. Uban da ba zai biya ko kwabo daga baitulmali ba sai da bauca, bai kamata ya miƙa kuɗin gumin kansa ya fito hannu wofi ba. A ɗauki hoton rasit ɗin a waya, a ajiye asalinsa a gida tare da takardun makaranta, domin tawadar waɗansu rasit ta kan goge kafin shekara.

Cikin kwanakin da aka bayar ɗin nan, a sa injin aiki sosai. A cika batir a cire caja a ga awa nawa zai yi. A danna ko wane harafi, a gwada ko wace kafa ta sa waya, da kyamara, da lasifika. A bar ta a kunne yini guda a ji ko tana zafi fiye da kima ko tana mutuwa da kanta. Mai sayen sa a kasuwar Maigatari ba ya biya sai ya duba haƙori ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa.

ABIN DA DOKA TA CE

A kan ga an rubuta a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mutane da yawa suna zaton wannan rubutu ya ɗaure su. Akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kāre hakkin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kāre masu saye. Dokar ta ba mai saye hakkin samun kaya masu inganci, waɗanda za su yi aikin da aka saye su dominsa, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da suka gaza cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar ta sha faɗa cewa rubutun hana mayar da kaya ba ya soke wannan hakki. Tana karɓar ƙara ta intanet da ta ofisoshinta. A shari'ar Musulunci ma, wadda alƙalanmu suka sani sarai, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Amma wanda aka nuna wa aibin tun farko, aka rage masa kuɗi saboda shi, ya ce ya yarda, ba shi da ta cewa daga baya.

Duk da haka ba da ƙara a ke farawa ba. A koma wurin mai shago da rasit, cikin lumana. In ya ƙi, manyan kasuwanni suna da shugabannin ƙungiya waɗanda su ke sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa ba ya son a kai sunansa gabansu. In wannan ma bai yi ba, sa'an nan a rubuta wa hukuma, a haɗa da hoton rasit. A ko wane mataki, takardar nan ce makami.

KAFIN A MIƘA TA GYARA

In injin yana cikin garantin kamfani, kada a bari kowa ya kwance shi. A nemi wurin gyaran da kamfanin ya amince da shi, sunayensu suna shafinsa. Irin waɗannan wurare a manyan birane su ke, kuma in sai an aiko da kayan gyara daga waje, abin ya kan ɗauki makonni. Saboda haka ɗalibi ya sanar da shugabansa na wurin aiki da malaminsa tun ranar farko, ya nemi aron inji, kada ya ɓace ya dawo da uzuri.

Ko ina za a kai ta, a fara kwashe abin da ke ciki. Garanti yana gyara inji, ba ya dawo da rahoton da ya ɓace, kuma sau da yawa masu gyara su kan share ma'ajiyar gaba ɗaya. Ya kamata ko wace Juma'a ɗalibi ya kwafi aikinsa a filas, ya kuma aika wa kansa ta imel. A cire hotunan iyali da lambobin sirri na banki. In akwai bayanan ma'aikatar da ya ke koyon aiki a ciki, kamar sunayen marasa lafiya ko albashin mutane, wannan amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa ta kāre bayanan mutane. A karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da lambar injin, da abin da ke damunsa, da abin da aka haɗa da shi kamar caja, da ranar karɓa.

In garanti ya ƙare, sai mai gyara na gari, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske. A nemi wanda aka san shagonsa, a yi ciniki kafin ya taɓa, a ce ya kira kafin ya sauya wani abu, kuma ya ba da tsohon abin da ya cire. A rubuta girman ma'ajiya da na ƙwaƙwalwar injin kafin a bayar, a duba bayan an karɓa.

RIGAKAFI

Abokan gāban laftof a ƙasarmu uku ne: ƙura, da zafi, da wuta. Ƙurar hunturu ta kan toshe 'yar fankar da ke ciki, in bazara ta zo da zafinta sai injin ya riƙa ɗaukar zafi yana mutuwa. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa ta ke shan iska. A sa ta a tebur ko faranti, a rufe ta cikin jaka in an gama. Wutar janareta da wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa su ne masu ƙona caja, wani lokaci har da injin. A cire waya in an ɗauke wuta, a dakata kaɗan bayan an kawo. In cajar asali ta mutu, kada a sayi mafi araha, domin araha ba ta ado, kuma caja mara kyau tana iya cin injin da ya fi ta kuɗi sau hamsin. A shagon caji kuma, inda yaran ƙauye da yawa su ke kai nasu, a karɓi lamba, a rufe injin da kalmar sirri.

Daga ƙarshe, ga wata shawara ga ɗaliban kansu. Mun ce guraben koyon aiki sun yi kaɗan, mun kuma ce injuna suna lalacewa ana ɗaukarsu zuwa Kano. Wanda ya duba zai ga matsala ta biyu tana iya zama maganin ta farko. Ko wace laftof da aka sa a mota daga Roni ko Gwiwa ko Achilafiya zuwa birni don ƙaramin gyara, kuɗi ne ya fita daga ƙasar Kazaure. Ɗalibin da ya ƙasƙantar da kansa ya zauna wata huɗu gaban gwanin gyara, in makarantarsa ta amince da wurin, ya koyi sauya allo da madannai, da wanke fanka, da ceto bayanai daga injin da ya mutu, zai dawo gida da sana'ar da ba ya jiran kowa ya ɗauke shi aiki kafin ya ci abinci da ita. Malamai su faɗa wa ɗalibansu haka tun suna sakandare, iyaye kuma su tambayi 'ya'yansu yau, ba gobe ba, ina za su yi koyon aikinsu, kuma ina rasit ɗin injinsu ya ke.